Masu Hoton Yerwa: Yadda Sana'ar Ta Faro da Halin da Take Ciki Yau



Yau kan masu hoto za mu yi magana, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun bayan ambaliyar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Fori, Galtimari, Gwange da Kasuwar Monday har ya kai fadar Shehu, akwai wata asara da mutane ke faɗa da ƙaramar murya, don kunyar haɗa ta da asarar rayuka da gidaje da jari. Ita ce asarar albam. Katifa da kwanuka ana sake saye idan Allah ya hore. Hoton auren iyaye, ko na kakan da ya riga mu gidan gaskiya, babu kasuwar da ake sayar da shi. Wannan ya sa muka ga ya dace mu waiwayi mutanen da suka ɗauki waɗannan hotuna, da kayan aikinsu, da yadda suke cin abinci a sana'ar.

Kyamara ta riga garin Yerwa zuwa ƙasar Borno. A 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa, amma Turawan da suka zo Kukawa a ƙarni na 19, irin su Denham a 1823 da Barth a 1851 da Nachtigal a 1870, da zanen hannu suka koma gida. Hoton da ya fi yawo a duniya daga wannan yanki a farkon lamarin ba mai daɗin kallo ba ne: kan Rabe ne, da Faransawa suka ɗauka bayan sun kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. A 1904 tawagar Boyd Alexander ta iso da kyamarorinta, ɗan uwansa Claud ya rasu a Mafoni a wannan shekarar, shi ma Boyd da aka kashe shi a 1910 nan Mafoni aka kawo shi aka binne kusa da ɗan uwan nasa. Budurwarsa Olive MacLeod ta taso tun daga Ingila don ganin kabarin, ta kuma fitar da littafin tafiyarta a 1912 da hotunan mutane da garuruwan yankin Tafkin Chadi. A tsakanin nan ne, a 1907, Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya kafa Yerwa. Duk waɗannan hotuna ba don mu aka ɗauke su ba. Wanda aka ɗauka bai nema ba, bai biya ba, kwafi ɗaya ma bai samu ba.

Hoto a matsayin sana'a, wanda mutum zai yi wanka ya sa kayansa masu kyau ya je ya biya a ɗauke shi, daga bakin teku ya hauro. Tun kafin 1900 Jonathan Adagogo Green yana aiki a Bonny, George da Costa ya buɗe shago a Legas a 1895, Solomon Alonge ya buɗe nasa a Benin a 1942. Yarbawa da Inyamurai ne galibi suka kawo sana'ar garuruwan Arewa, suna bin akawu da soja da ma'aikatan reluwe, su ne kuma suka koya wa yaranmu na farko. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ji nauyin faɗarta ba. Maiduguri dama ƙofar gabas ce ta alhazan ƙasa masu bi ta Fort Lami zuwa Sudan, ga jirgin ƙasa ya iso a 1964, ga garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967. Ofisoshi suka yawaita, makarantu suka yawaita, kowace takarda tana neman fasfo. Fasfo ne ya riƙe wannan sana'a shekaru masu yawa, ba biki ba.

Dattawanmu za su tuna akwatin katako mai ƙafa uku da ake kafawa a inuwar dalbejiya, wanda mutanen kudu ke kira wet-an-get, wato jira ka karɓa. Akwatin shi ne kyamara, shi ne kuma ɗakin wanki. A gefensa akwai hannun riga na baƙin ƙyalle inda mai hoto ke zura hannu, a ciki akwai 'yan faranti biyu na ruwan magani. Babu abin latsawa: murfin idon kyamarar yake cirewa, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Shi ya sa ake ce wa mutum kada ya motsa, kada ya ƙifta. Abin da ke fara fitowa a takarda juyayye ne, fuska fara fat, farar riga baƙa ƙirin. Sai ya kafa wannan takarda a wani ɗan allo gaban kyamarar ya sake ɗaukarta, a nan hoton gaskiya ke fitowa. A ɗauraye a bokiti, a yanke da almakashi, ka tafi da shi da ɗanshinsa. Jarin aikin bai taka kara ya karya ba, kafinta ma yana iya ƙera akwatin, idon gilashin ne kawai sai an saya.

Mai shago ya fi wannan daraja. Shi yana da Yashica mai ido biyu, wadda ake riƙewa a ciki ana leƙawa ta sama, mai hali kuma Rolleiflex ta Jamus. Fim ɗin da suke ci, mai lamba 120, hoto 12 kacal yake ɗauka. A bayan shagon akwai ɗakin duhu: jan ƙwan fitila, injin faɗaɗa hoto, faranti uku na magani, da igiyar shanya. Wanda ya san zafin garin nan zai tausaya musu. Maganin wankin hoton baƙi da fari a sanyin digiri 20 yake so ya yi aiki, mu kuwa a watan Afrilu sai mu haura 40. Dole a nemi ƙanƙara, ko ruwan randa, ko a bari sai dare ya raba. Lokacin hunturu kuma ga ƙura, ƙwaya ɗaya ta zauna a nagatif sai ta fito farin ɗigo a goshin mutum. Gwanayensu har da fensir suke gyara fuska a jikin nagatif, su shafe ƙuraje, su ɗan haska fata. Masu zargin kwamfuta da ƙara wa amare haske su sani abin ya girme ta.

Sai kayan ado na shago, waɗanda yaran yanzu ke dariya idan sun gani: labule mai zanen gidan bene ko jirgin sama, furen roba, tarho marar waya, rediyo, agogon aro, wani lokaci har kwat. Ba mu kaɗai ba ne. Seydou Keïta, da ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, haka yake ara wa mutane rediyo da agogo da babur, yau kuma hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Bambancinsa da namu shi ne ya adana nagatif ɗinsa. Mu ma muna da abin nunawa, don lafaya da hular zanna da babbar riga ta sha aiki ba su da na biyu a gaban kyamara.

Yadda ake ciniki a wancan zamani a fili yake. Ana biyan kuɗin tsayuwa ɗaya, a ba ka kwafi biyu ko uku, kuma girman takarda ne ke yanke farashi: fasfo, sai mai girman katin gidan waya, sai inci 5 da 7, sai 8 da 10, har zuwa ƙaton na bango mai firam da gilashi. Kafin alƙalami wajibi ne, don mai hoto ya san halinmu, sai a ɗauka ranar Sallah cikin zumuɗi, kuɗi su ƙare, a ƙi dawowa. Irin waɗannan ne ke ƙarewa a akwatin gilashin ƙofar shago, rana ta dafa su. Nagatif kuwa na mai hoto ne, ba ya bayarwa, domin a nan ribar take: duk mai son ƙarin kwafi don aika wa 'yan uwa a Kano ko Fort Lami sai ya dawo wurinsa. Da fim mai hoto 12, kuskure ɗaya asara ce da ake ji a aljihu, shi ya sa suke daɗewa suna gyara wa mutum zaman hula da ajiyar hannu kafin su latsa. Yaron shago kan yi shekaru yana shara da wankin faranti kafin ubangidansa ya yarda ya taɓa kyamara, in ya ƙware a yaye shi.

Shekarun 1970 suka zo da kuɗi. Naira ta maye gurbin fam a 1973, ma'aikata suka karɓi Udoji a 1975, aka kafa Jami'ar Maiduguri a shekarar, aka ƙirƙiro Jihar Borno a 1976. Ƙananan kyamarori masu fim ɗin hoto 36 suka cika hannu: Pentax K1000, Canon AE-1, Yashica FX-3, da Zenit ta Rasha mai nauyi kamar dutsen guga amma mai araha. Sai hoto mai kala ya shigo, kuma a ganinmu wannan ne juyi mafi girma da sana'ar ta gani kafin zuwan waya. Wankin kala ba ya yiwuwa a faranti, yana buƙatar inji da zai riƙe zafin magani daidai a kusan digiri 38, injin kuma sai mai babban jari. Nan take ɗakin duhu ya mutu. Mai hoton da jiya shi ke ɗauka, shi ke wankewa, shi ke gyarawa, ya koma mai ɗauka kawai, rabin ribarsa tana tafiya wurin mai injin wanki. Kafin irin waɗannan injuna su wadata a garin nan, fim kan bi mota ta Damaturu da Potiskum zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 600, a jira kwanaki, wani lokaci a dawo da labarin fim ya ƙone.

Ta ɗaya gefen kuma ƙofa ta buɗe wa kowa. Duk mai kyamara da keke ko babur ya zama mai hoto, ba sai ya kama shago ba. Su ne muka taso muna gani a makarantun kwana ranar ziyara, a bariki, a jami'a, da gidan zu na Sanda Kyarimi ranar yawon Sallah, jaka a kafaɗa cike da ambulan ɗin hotunan da ba a karɓa ba. Da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira a Satumba 1986, fim da takarda da magani, da yake duk daga waje ake kawo su, suka yi tashin gwauron zabo, masu hoto da yawa suka koma jiran fim ya cika kafin su kai wanki, ko da zai yi mako biyu. A Maris 1990, zamanin Shehu Mustafa Umar El-Kanemi, da Yarima Charles da matarsa Diana suka zo kallon hawan daba suka kuma ziyarci asibitin kutare na Molai, 'yan jaridar Ingila sun zo da kyamarori masu ido kamar bututu. Hotunan da suka ɗauka a wannan rana har yau ana samunsu cikin sauƙi a intanet. Na masu hoton gari da suka tsaya a rana ɗaya da su, sai dai a bincika ƙasan akwati.

Shigar mai hoto cikin biki a hankali ta faru. Da can amarya a lulluɓe take, sai bayan an tare, ango ya ɗauke ta su je shago a yi musu guda ɗaya na ratayewa a ɗaki. Daga baya aka fara kiransa ɗaurin aure, sannan kamu da sa lalle da yinin biki, ga kuma wushe-wushe da kaulu na 'yan uwanmu Kanuri, waɗanda zaman tare ya sa yau ko a Hausari ba baƙi ba ne. A lokacin da fim ake ciniki: uban biki ya ce a yi masa fim biyu ko uku, a haɗa da albam. Mai bidiyo ya biyo baya da kaset da fitilarsa mai zafi kamar garwashi, sai kalanda da sitika masu hoton ango da amarya da ake rabawa. Akwai kuma waɗanda ba a gayyata ba, su ɗauki duk wanda ya yi kwalliya, su ruga wurin wanki, su dawo kafin a watse su baje a tabarma. Wanda ya ga nasa ya biya, abin da ya rage hasararsu ce. Caca ce sosai, amma ta ciyar da gidaje.

A nan ne kuma maganar amana ta shigo. Malamai sun daɗe da saɓani kan hukuncin hoto, kowa da wanda yake bi, amma ko masu sassauci ba su ce namiji ya kutsa tsakar gida cikin mata ba mayafi ba. Tsofaffin masu hoto sun san wannan, akwai gidajen da mutum ɗaya suka yarda da shi shekara da shekaru saboda an san ba ya nuna hoton matan mutane a ƙofar shago. Yau ƙofar shagon ita ce Instagram da TikTok. Yaro ya ɗauki bikin 'yar mutane, kafin a kai ta ɗakinta duniya ta gama kallonta, shi a wurinsa talla ce. Wannan ba daidai ba ne sai da izinin masu biki, kuma izinin a nema kafin a ɗauka. Abin farin ciki, 'yan mata sun fara riƙe kyamara, kuma duk mai taron mata zalla ya kamata ya fara neman su.

Zuwan dijital bai ɗauki lokaci ba. A 2003 Canon ta fitar da 300D, kyamara ta farko irinta da ta sauko ƙasa da dala 1,000. AgfaPhoto ta durƙushe a 2005, Konica Minolta ta bar harkar kyamara a 2006, Polaroid ta daina fim ɗinta na nan-take a 2008, Kodak da kanta ta shiga kotun fatara a Janairu 2012. Wayar salula da ta shigo a 2001 ta zo ta yi ido, kowa ya zama mai hoton kansa. Fasfo ma, uwar sana'ar, ya ragu: fasfo ɗin tafiya na zamani tun 2007, rajistar zaɓe ta 2011, BVN a 2014, duk a kan tebur ake ɗaukar mutum da kwamfuta.

Wannan ya sami masu hoto a ko'ina. Abin da ya sami na Maiduguri ya fi haka. Bayan rikicin Yuli 2009, aka hana hawa babur a Yuli 2011, kuma babur shi ne ƙafar mai hoton yawo. Dokar hana fita ta kashe bikin dare, wushe-wushe da aka saba kwana ana yi da ganga kura ya koma na la'asar, ko a fasa. A Mayu 2013 aka katse layukan waya, babu yadda mai biki zai kira ka. Rataya kyamara a wuya ya zama abin tuhuma a shingen bincike, baƙi da yawa suka rufe shaguna suka koma garuruwansu, wasu da nagatif ɗin shekara talatin na mutanen garin nan. Cikin wannan yanayi ne Fati Abubakar, 'yar garin nan da ta karanci aikin jinya, ta fara ɗaukar rayuwar yau da kullum a 2015 tana sawa a shafinta na Bits of Borno: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, kwalliyar Sallah, bukukuwa. Jaridun duniya suka ɗauka, aka ga cewa ana aure ana suna a Maiduguri, ba bam kaɗai ke tashi ba. Ƙungiyoyin agaji da suka cika gari sun samar wa wasu matasa aikin ɗaukar taro da rabon kaya, ana biyansu da yini, kuma wannan ya ja baya tun da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta a farkon 2025. A Janairu 2021 aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a Maris aka sake fasawa, gari ya kusa cinye shekarar a duhu. Sana'ar da komai nata caji ne, batir, fitila, kwamfuta, firinta, ta koma kan janareta. Ga gobarar Kasuwar Monday ta 26 ga Fabrairu 2023, ga ambaliya a bayanta.

Mai hoton biki na yau jakarsa ta fi ta ubangidansa nauyi nesa ba kusa ba. Kyamara biyu, don in ɗaya ta tsaya ana tsakiyar kamu ba a cewa amarya ta sake shigowa. Idanu biyu ko uku, na kusa da na nesa. Fitilun Godox da lemarsu, batura, memori, kwamfuta, wani har da ɗan jirgi marar matuƙi na DJI. Yawanci na hannu ake saye, Canon ko Nikon ko Sony, wanda bai da hali kuma ya yi haya na yini. Duk da dala ake sayensu. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Kenan kyamarar dala 1,000 da ake lissafinta naira 460,000 ta koma miliyan ɗaya da rabi, ba tare da an ƙara mata komai ba. Man janareta ma tun cire tallafi a 29 ga Mayu 2023 kowa ya san inda ya kai. Kuma kyamara tana tsufa da latsawa: Canon 5D Mark II, da aka daɗe ana ji da ita, kamfanin ya ƙiyasta mata latsawa 150,000. A ce biki ɗaya da duk shagulgulansa ya ci hoto 2,000, biki 75 ke nan ta fara neman gyara.

Shi ya sa ciniki ya tashi daga kwafi ya koma na taro ko na yini: kamu kaza, dina kaza, ko a haɗa duka da hotunan kafin aure, waɗanda har yau dattawa da malamai da yawa ba su aminta da su ba. A ciki ake faɗin hoto nawa za a gyara, firam nawa, da albam irin na zamani mai kama da littafi, wanda sau da yawa sai an aika Kano ko Abuja ko Legas a buga. Masu cewa ai yanzu babu fim, latsawa kyauta ce, sun manta da kwanakin da yaron zai yi gaban kwamfuta yana tacewa. Kasuwar kuma ba kullum take ci ba. Ana rububi a Sha'aban kafin azumi, da bayan Sallah, da ƙarshen shekara, sauran watanni sai sauka da suna da fastocin 'yan siyasa in kakarsu ta zo.

Ƙorafi ta kowane ɓangare akwai shi. Mai kwalliya da mai ado da mai abinci duk kafin biki ake sallamarsu, mai hoto ne kaɗai ake ce wa sai an ga aiki, lokacin kuwa aljihun ango ya bushe, ciko ya zama bashi, ga kunyar unguwa ɗaya. Su ma a cikinsu akwai masu karɓar biki uku a rana ɗaya su tura yaran da ba su ƙware ba, da masu riƙe hoto wata shida, da masu goge fuskar amarya har kakarta ta kasa gane ta. Mafi muni shi ne wanda zai bar bikin mutane a memori ɗaya, ya goge ya tafi wani bikin. Takarda guda mai ɗauke da farashi, abin da aka bayar, ranar karɓar aiki, da ko an yarda a sa a intanet, tana kashe yawancin wannan rigima. A kuma karɓi hotunan duka a filash, a ajiye a wuri biyu, a wanke ko guda ashirin ne a takarda, don waya tana ɓata tana kuma faɗawa ruwa.

Waɗanda ke da tsofaffin hotunan da suka tsira, a juya bayansu. Yawanci akwai hatimin shagon da ya ɗauka, da sunan titi, wani lokaci har da kwanan wata. A ɗauki gaba da bayan da waya. A zauna da tsofaffin gida tun suna raye su faɗi sunan kowa da ke ciki, a rubuta a baya da fensir, ban da biro, don tawadarsa tana huda takarda. Waɗanda ruwa ya manne su kuma kada a ɓamɓare su a bushe, fuskar ce za ta tashi. A jiƙa su cikin ruwa mai tsabta mai sanyi har su saki da kansu, a shimfiɗa su fuska sama a inuwa, kada a kai su rana. Nagatif ma haka ake yi masa, sai dai shi rataye shi ake yi da ɗan maƙali a gefe, kuma ko ya yi tabo kada a zubar, akwai injin da ke karanta shi ya mayar cikin kwamfuta.